Kashi Biyar Cikin Ɗari

Ranar da suka fara haɗuwa, shi yana saman tsani, kansa a cikin na'urar sanyaya ɗaki ta ofishinsu, ita kuma tana teburinta tana ƙoƙarin hana wani magidanci sayen abin da aka ɗauke ta aiki ta sayar. Kamfanin shirya tafiye-tafiye ne, bango duk hotunan teku da manyan otal, magidancin kuwa ya kafe sai ya kai iyalinsa hutu mafi tsada.

"Baba, ka yi haƙuri da shisshigina," ta ce da murya ƙasa-ƙasa don kada Manaja ya ji. "Ka haɗa abin da ke shigo maka a shekara, ka cire kashi biyar cikin ɗari, shi ne kuɗin hutu. In ka matsa, goma, shi ma sai in ba a bin ka bashi. Abin da ya wuce haka, abincin yara za ka taɓa."

Mutumin ya yi tsaki, ya sosa ƙeya, daga ƙarshe ya zaɓi mai araha. Yana fita aka yi gyaran murya daga saman tsani.

"Malama Kashi Biyar, a miƙo min sukudireban nan mana."

Ashe ta manta akwai mutum a sama. Ta ɗaga kai ta ga doguwar fuska da ƙura a gira, yana mata murmushi.

"Don Allah Injiniya, kada ka gaya wa Manaja."

"In kin ba ni lambarki, ban ji komai ba."

Sunan da ya bi ta ke nan. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Kashi Biyar, na lissafa zuciyata, na ga duka ɗarin sun tafi wurinki. Yaya za a yi?" Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta rubuta: "Ka ci bashi ke nan. Ni ba na hulɗa da masu bashi." Ya amsa: "To ki riƙe, ba sai kin dawo da shi ba."

Wasa ne a wurinsa, amma ita kalmar bashi ba ta wasa da ita. Tana ƙarama Abbanta ya taɓa kwashe su zuwa hutu bakin teku. Jirgi suka hau, suka sauka a otal mai hawa da yawa, aka saya musu kaya har akwati ya ƙi rufuwa. Ba wanda ya san takardun gida ya jinginar. Ba a cika wata uku da dawowarsu ba, ta taso daga makaranta ta tarar da babbar mota a ƙofar gida, wasu ƙarti suna fito da kujerunsu, Ummanta na tsaye riƙe da tukunya ɗaya. Tun daga ranar suke gidan haya mai ɗaki biyu. Har ta girma, in ta shawo kwanar layinsu ta hango babbar mota a tsaye, sai ta ruga gida ta duba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Abin mamaki, Abba bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Hoton hutun yana rataye a falo, su duka cikin farin yashi suna dariya, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Injiniya ba mai kuɗi ba ne, amma yana da sana'a da ƙaramar motar ɗaukar kaya fara, wadda yake ji da ita kamar ɗiya. A cikinta tsaninsa yake da tulunan gas da akwatin kayan aiki. Ita ce shagonsa, ita ce ƙafarsa. Yakan biyo ta ofis bayan an tashi, ya share kujerar gaba da hannun riga ya ce, "Bismillah, Gimbiya." Ita kuma ta ce, "Sanyina, wannan motar taka warin gas take." Ya ce, "Warin halal ne."

Da maganar aure ta kai gida, sai ga cikas. Akwai wani abokin cinikin kamfanin da 'yan ofis ke kira Mai Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shigowa. Ya gan ta, ya bi sawu har wurin Abba, ya zauna a falo ya yaba hoton bango, ya ce in an ba shi ita, a ƙasar waje za su yi hutun amarci, kuma duk shekara sai sun fita.

"Kin ji namiji," Abba ya ce da ita bayan tafiyarsa. "Shi wancan mai gyaran naki ina zai kai ki? Saman rufin mutane?"

"Abba, ni ba tafiya nake so ba, zaman lafiya nake so."

"Ke tsoro ya yi miki yawa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Namijin da ba zai iya fitar da matarsa ta ga duniya ba, me ya tara?"

Umma tana bakin ƙofa tana ninke wanki.

Da Injiniya ya zo gaisuwa, Abba ya maimaita masa maganar nan a gaban kowa, har da nuna masa hoton. Saurayin ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce, "In sha Allahu, Abba." Ita tana bayan labule, wannan in sha Allahun ya tsaya mata a rai.

Daga nan ya fara canjawa. Ya daina biyowa ta ofis. In ta kira sai ya ce aiki ne ya yi yawa. Wata rana ta hango shi yana sauka daga motar haya, tsani a kafaɗa, ta tambaye shi ina motarsa, ya ce tana gareji, bai kalli idonta ba. Ta kasa cin abinci. Ta ce a ranta maganar Abba ta yi masa ciwo, janyewa yake a hankali. Ta rubuta masa: "Sanyina, in ka gaji da ni ka faɗa min. Shirun nan yana kashe ni." Amsarsa ta zo gajera: "Ki kwantar da hankalinki, Gimbiya. Akwai abin da nake shirya miki."

Maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi.

Akwai wata ƙa'ida a kamfaninsu wadda na waje bai sani ba. Duk reshen da aka biya hutun amarci, bayanin teburinta yake zuwa, domin ita ke kiran otal ta sa a shirya ɗakin amarya da furanni. Da safiyar wata Alhamis ta kunna kwamfuta ta ga sabon aiki daga reshensu na can ƙarshen gari. Mako biyu a bakin teku, jirgi zuwa da dawowa, ɗaki mai kallon ruwa. Ta ɗauki waya za ta kira angon ta tambaye shi irin furen da amarya ke so, sai idonta ya sauka a kan lambar. Lambar da ta haddace ce.

Bawan Allah ya tsallaka gari guda don ya ɓoye mata, bai san a hannunta abin zai faɗo ba.

Ta duba kuɗin. Ya kai kusan rabin abin da yake samu a shekara, kuma an biya duka lokaci ɗaya. Ta tuna motar da aka ce tana gareji, ta tuna tsani a kafaɗa. Ofishin da shi ya gyara wa sanyi ne, amma zufa ke keto mata. A ƙasan shafin an rubuta cewa in ba a soke kafin a tashi aiki yau ba, kuɗin ba ya dawowa.

Ta kira shi, waya a kashe. Ta sake, a kashe. Ba ta san lokacin da ta ɗauki jaka ta fita ba, Manaja na kiranta ba ta waiwaya ba.

A ƙofar ɗakin da yake ajiye kaya, gurbin motar wayam, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Mai walda maƙwabcinsa ya ɗaga gilashin fuska ya ce, "Ai motar tana wurin masu ba da rance, ya jinginar. Yana can saman dogon benen bayan kasuwa yana aiki." Kalmar jingina ta doke ta a ƙirji, har sai da ta dafa bango.

Lif ɗin benen ya lalace. Ta hau matakala tana haki, tana tuntuɓe da bakin zaninta, tana addu'a a fili. Ta tura ƙofar rufin ta same shi tsugune gaban wata ƙatuwar na'ura, rana na dukansa.

"Gimbiya! Me ya faru? Wa ya rasu?"

"Ina motarka?"

Ya mai da idonsa kan na'urar.

"Na gani. Ni aka ba wa in kira ka in tambaye ka furen da amaryarka ke so." Ta matso kusa da shi. "Furen me? Ka jinginar da abincinmu don mu je mu kalli ruwa?"

"Zan biya a hankali. Abba ya ce..."

"Abba ma haka ya ce zai biya a hankali!" Kuka ya ƙwace mata. "Ka san abin da ba a sa a hoton nan ba? Ummata tsaye a titi da tukunya ɗaya, maƙwabta na leƙe. Ni na gani da idona. Wallahi gara in zauna ban yi aure ba, da in sake tsayawa ina kallo ana fitar da kayan gidana. Ina son ka, amma tsoro nake ji, Sanyina. Tsoro nake ji."

Ya ajiye sifanar hannunsa. Bai taɓa jin labarin ba, shi hoton kawai aka nuna masa. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni ma tsoro ne ya sa ni," ya ce a hankali. "Na ga za a ba wa wancan ke."

"To ai ba a ba shi ba tukuna. Tashi mu je, lokaci na tafiya."

Suka isa reshen mai gadi na jawo ƙofa. Da ƙyar da roƙo aka bar su suka shiga, ya sa hannu aka soke. Sai da ta ga saƙon dawowar kuɗi a wayarsa sannan ta zauna a kan dakalin ƙofar. Washegari ya karɓo motarsa, bayan masu rancen sun yanki nasu ladan, wanda ya ce kuɗin makarantar hankali ne.

Saura Abba. Injiniya ya zo da kansa ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya yi, bai rage komai ba. Ya ce, "Abba, ba zan iya kai ta ƙasar waje ba. Abin da zan iya, kashi biyar na samuna duk shekara, in Allah ya ƙara, ya ƙaru. Amma duk inda muka je, za ta dawo ta tarar da gidanta."

Abba ya buɗe baki zai yi magana, sai Umma, wadda ba ta taɓa sa baki a zancen ba, ta ce, "Malam, kai kana kallon hoton nan kana ganin teku. Ni kullum na goge shi, kujeruna nake gani. Ita kuma yarinyar nan har yau in ta ga babbar mota a layi, sai ta leƙo ɗaki ta tabbatar muna nan. Ka taɓa lura?"

Abba ya daɗe yana kallon 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. Ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Ni so na yi ku ji daɗi," ya ce.

"Mun ji, Abba," ta ce tana hawaye. "Mun ji daɗi sosai."

Ya juya wurin saurayin. "Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba da wata bidi'a ba. Mai Turare ya ɗauke cinikinsa ya kai wani kamfani, Manaja ya yi kwana biyu yana cika yana batsewa. Kashi biyar ɗin Injiniya ya kai su wani ƙaramin masauki a bakin tafki, tafiyar rabin yini a farar motarsu. Abba da kansa ya ciro tsohon akwatin nan na hutun teku daga ƙarƙashin gado ya kaɗe ƙura ya ba su, ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya sa ku je lafiya ku dawo lafiya." Na'urar sanyin ɗakin masaukin ma ba ta aiki, ango ya nannaɗe hannun riga ya gyara, mai masaukin ya yafe musu kuɗin kwana ɗaya. Amarya ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar dawowa, suna dosar kwanar layin sabon gidansu sai ta rufe ido, ta damƙe bakin kujera. Ya lura, ya rage gudu, ya ɗora hannunsa a kan nata.

"Buɗe idonki, Kashi Biyar."

Ta buɗe. Layin ba kowa sai yara masu ƙwallo. Ƙofar a kulle yadda suka bar ta. Ta sa mabuɗi, ta tura. Ga kujerunta, ga labulenta, ga tukwanenta a jere a kan kanta. Ta bi su tana taɓawa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zauna a tsakiyar falo ta fashe da kuka tana dariya.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Sanyina, shigo da akwatin. Mun dawo gida."