Minit Ɗin Taron Da Ba A Yi Ba

Tun da Auta ta dawo daga ofis ta jefa fayil a kan gado take hararar sa. Umma ta leƙo sau biyu, a na uku ta shigo.

"Ke, lafiya? Kun ɓata da Injiniya ne?"

"Ba da shi ba, Umma. Da Hajiyarsa."

Auta ita ce sakatariyar wata ƙungiyar tallafa wa matan da mazajensu suka rasu. Hajiya ce ta kafa ta, ita ce shugaba, kuma ɗanta mai gyaran wutar lantarki, wanda kowa ke kira Injiniya, shi zai auri Auta nan da wata biyu. Dokar ƙungiya ta ce wa'adi biyu shugaba ke yi ya sauka, na Hajiya kuwa ya ƙare. To, a yau ta kira Auta, ta rufe ƙofa, ta ce ta buga minit na babban taro, ta rubuta cewa mambobi sun ƙara mata wa'adi. Ba a yi taron ba. Shaidar halarta kuma, a liƙa takardar da mata suka sa wa hannu ranar koyon haɗa sabulu.

"Shi ke nan?" in ji Umma. "Rubutu ne fa kawai! A kan takarda za ki ɓata da uwar miji tun ba ki shiga gidan ba?"

"Umma, sabulu suka zo koya, ba zaɓe ba. Wasunsu ko karatu ba su iya ba — ni suka yarda da ni suka dangwala."

Abin da ba ta iya faɗa wa Umma ba shi ne zargin da ke cin ranta. Sati biyu da ba ta muƙamin sakatariya Hajiya ta turo ɗanta gyaran fankar ofis, fankar da Auta ba ta taɓa jin ta yi ko tari ba. Daga nan hira ta fara. Anya son ta yake, ko hannunta ake so?

Da Injiniya ya zo da la'asar ko gaisuwarsa ba ta amsa da kyau ba.

"Faɗa min gaskiya, Hajiya ce ta turo ka wurina tun farko?"

Ya yi turus. "Wai me ya faru?"

Ta zayyane masa komai, ta ƙare da cewa, "Ba zan sa hannu ba, ko da auren zai fasu!"

Ta zaci zai rantse ko ya lallashe ta. Ina! Cewa kawai ya yi, "Ara min kundin dokarku," ya karɓa ya hau babur ya tafi.

Washegari Auta ta ce wa Hajiya ba za ta buga ba, Hajiya kuwa ta aiko cewa a dakatar da maganar aure. Kwana uku bayan haka wata maƙwabciya, irin masu kawo labari ba a aike su ba, ta ce ta ga Injiniya yana bin gidajen mambobi da takarda da tawadar dangwale. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Wato ita ta ƙi, shi ya je tara wa uwarsa sa hannu! Ya kira waya sau tara, ba ta ɗauka ba.

Ranar Litinin yana shigowa ofis ta sha kunu. Ya ajiye takarda a teburinta.

"Malama sakatariya, ga wasiƙa. Sashe na takwas ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi na iya kiran babban taro. Mata arba'in da shida ne. Kowacce sai da na karanta mata kafin ta dangwala."

Ta karanta sau biyu. Zaɓe suke nema.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Da kin sani, Hajiya za ta ce ke kika kitsa. Gara fushin ya sauka a kaina, ni dai ba za ta canza ni da wani ɗa ba." Ya ɗan murmusa. "Kuma fankar nan, ni na roƙa a turo ni."

Kunya ta rufe Auta, ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Sori," ta ce a hankali.

An yi taro, mata suka zaɓi wata tela daga cikinsu, suka kuma miƙe tsaye suka yi wa Hajiya godiya. Ita dai Hajiya ta tashi ta fice. Wata bakwai ba ta amsa gaisuwar Auta, ɗanta ma sai da kyar. Auta ba ta fasa zuwa ba, duk mako sai ta durƙusa ta gaishe ta ta tashi. Umma har ta gaji da mita.

Wata safiya sai ga Hajiya da kanta a falon Umma. Ta zauna, ta dubi Umma ta ce:

"Na ɗauka in na sauka ƙungiyar za ta mutu. Ga ta nan tana tafiya, ba ni. Ku sa rana. Yarinyar da ta iya ce min a'a saboda amanar wasu, ba za ta ci amanar ɗana ba."

Auta ta fashe da kuka, Hajiya ta jawo ta jikinta.

'Yan'uwa, amanar jama'a ba kayan gado ba ce, kuma ba a sayen aure da ƙarya. Auta ta riƙe gaskiya, ta haƙura wata bakwai, ta shiga gidan miji kanta a sama.