Mai Jan Layi a Ajin Profe Fermín

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar Laraba Yadira Meléndez ta buɗe jakarta a ajin koyon Turanci ta tarar babu fasfonta. A cikinsa akwai bizar aikin jirgin ruwa da ta yi shekara biyu tana nema, kuma gobe da sassafe motar San Pedro Sula za ta tashi. In ta rasa wannan tafiyar, wani za a ba gurbin.

Sajan Ovidio Bardales na 'yan sanda ya iso da rigarsa jiƙe da gumi. Ajin tsohon ɗakin ajiyar ayaba ne a bayan kasuwar La Ceiba, benci huɗu a jikin bango inda ɗalibai ke ajiye jakunkunansu, da matakalar ƙarfe a waje mai hawa rufi. Ɗalibai tara ne, duk masu neman aikin jirgi. Ya sa aka rufe ƙofa, ya ja kujera ya zauna yana murza gwiwa.

Da malamin ya fara. Profe Fermín Oseguera ya yi shekara ashirin yana wanke kwanuka a jiragen yawon buɗe ido kafin ya dawo gida ya buɗe ajin Turanci.

"Me kuke yi lokacin da abin ya ɓace?"

"Atisayen gobara, yallaɓai. A jirgi ba a yi maka dogon bayani. Kalma biyu za ka ji ta lasifika, ɗaya ta ce tafi, ɗayar ta ce ina: sama, ƙasa, waje, baya. In ka tsaya tunani, hayaƙi ya gama da kai. Shi ya sa nake ɗaure musu ido, su jeru, kowa hannu ɗaya a kafaɗar na gabansa, ɗayan riƙe da tsumma a hanci. Ni kuma in hau matakala in zama lasifika."

"Ke nan kai kaɗai ne idonka a buɗe."

"Ni kaɗai. Na san abin da kake tunani."

Sajan ya leƙa waje. Doña Chayo mai sayar da baleada, wainar fulawa da wake, a gindin matakalar ba ta ko ɗago daga kaskonta ba.

"Tun sha ɗaya yana can sama yana ihu kamar zakaran da aka taka wa ƙafa. Da ya sauko da na gode wa Allah."

Daga saman ba a ganin cikin ɗakin. Sajan ya hau ya duba da kansa, ya sauko yana haki, ya cire Profe daga lissafi.

Na biyu shi ne Selvin, dogo mai askin ƙwal. Kowa ya san shi ke bin Yadira a jerin masu jiran gurbi.

"In ba ta tafi ba, kai za a kira."

"Haka ne. Amma yallaɓai, ina tsakiyar layi. Gabana wannan ƙaton, bayana Doña Irma ta damƙe ni kamar na gudu da 'yarta."

"Ai da ka samu dama da ka gudu da ita," in ji Doña Irma daga benci. "Ban sake shi ba, Sajan. Har yanzu yatsuna ciwo suke."

Ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su kafaɗar wa suka riƙe, wa ya riƙe tasu. Babu wanda ya ji an sake shi. Yadira ce ta ƙarshe a layin. Sajan ya rufe littafinsa, ya kalli fankar da ke juyawa da ƙyar.

"To ku gaya min gaskiya. Wa a cikinku yake jin abin da Profe ke faɗa?"

Suka kalli juna. Selvin ya sosa kai. "Mu dai kafaɗa muke bi. Nolvia ce ke ji."

Nolvia yayar Yadira ce. Shekara goma ta yi tana gyaran ɗaki a otal ɗin 'yan yawon buɗe ido a tsibirin Roatán, Turanci ya zauna a bakinta. Sau biyu likitan tantancewa yana mayar da ita saboda hawan jini, amma ba ta daina zuwa ajin ba. Kullum ita ke gaba.

"Yau an yi wani abu da ba a saba ba?"

"Na buge ƙaurina da benci," in ji Doña Irma. "Sai muka ɗan tsaya, muka ci gaba."

"Profe, hanyar da kake kira tana bi ta wajen benci?"

"Ko kusa. Daga allo a miƙe, a juya, a fita ƙofa, a hau."

Sajan ya juya ga Nolvia. Tana zaune, hannuwanta a cinya, rigar ceto ta atisaye har yanzu a jikinta, alhali sauran sun tuɓe tasu saboda zafi.

"Kuskure na yi," ta ce. "Ya ce a fita, na ji kamar a koma."

"Profe, ta taɓa yin kuskure?"

Profe ya girgiza kai. "Ni take yi wa gyara wani lokacin."

"Mutum takwas suna tafiya inda aka ja su," in ji Sajan a hankali. "Ko da ɗayansu na son jakar, ba shi da yadda zai kai kansa wurinta ba tare da na bayansa ya ji ba. Mutum ɗaya ne ke zaɓar hanya, kuma shi kaɗai ne bai riƙe kafaɗar kowa ba. Ta ƙasan ƙyallen ɗaure idon ana ganin ƙasa. Doña Nolvia, kada ki sa ni laluben mace da tsakar rana. Na gaji."

Ta kwance igiyar rigar, ta zaro fasfon daga ciki ta ɗora a benci.

"Yaya," in ji Yadira.

"Yaranki biyu, nawa uku, ga Mama da ba ta iya juyawa a gado sai an juya ta. Wata tara za ki yi a ruwa. Kowa ya tambaye ki ko kin shirya. Wa ya tambaye ni?"

"Ai da kin faɗa."

"Da na faɗa za ki fasa?"

Nolvia ta kalli fasfon.

"Ba ƙona shi zan yi ba. Jibi zan ce na tsince shi a bayan benci."

Sajan ya buɗe littafin, ya danna biro, ya dubi Yadira. "Za ki shigar da ƙara?"

"In kun tsare ta, wa zai riƙe yaran?"

Ya mayar da biron aljihu, ya miƙe da ƙyar, ya buɗe ƙofa. Ɗaliban suka fita shiru, har Selvin. Yadira ta ɗauki fasfon ta cusa shi cikin rigarta, ta tsaya gaban yayarta.

"Zan tafi, Yaya."

"Na sani." Nolvia ta naɗe rigar ceton ta ajiye a kan sauran. "Ki kawo yaran da yamma. Kada ki manta da maganin asmar ƙaramin."