Hannun Riga Kala Biyu

Ran Asabar da safe Mama ta sa Auta goge fitilun gida. Auta akwai rawar kai. Ta kashe makunni, ta cire ƙwayayen fitila uku, ta goge su tas.

Da ta zo mayarwa sai kanta ya ɗaure. Wanne ne na falo? Wanne ne na teburin ɗinki? Wanne ne na saman hoton Kaka?

"Ai ƙwai ƙwai ne," in ji ta. Ta ɗaura kowanne inda hannunta ya kai.

Mama ta shiga ɗakin ɗinki, wanda ba shi da taga. Farar rigar da Auta za ta sa ranar karɓar kyauta a makaranta take ɗinkawa, saura hannu ɗaya. Tana yi tana murza ido, tana cewa yau ganinta ya ragu.

Da yamma Baba ya kunna fitilar falo, amma duhu bai tafi ba. Har ya yi tuntuɓe da kujera. Hoton Kaka kuwa sai ƙyalli yake yi, ba a ganin fuskarta. Kowa ya rasa gane abin da ke faruwa.

Washegari Auta ta gwada rigar a hasken rana. Hannu ɗaya fari, ɗaya ruwan madara! Ga shi gobe ne taron. Hawaye ya zubo mata.

Mama ta riƙe baki, ta ce wallahi jiya yadin biyu iri ɗaya ta gan su.

"Ni ce na musanya ƙwayayen," in ji Auta a hankali.

Baba ya yi dariya, ya zaunar da ita. "Kama da wane ba ta wane, Auta. Babban nan mai hasken rawaya na haska falo ne gaba ɗaya. Farin na aiki ne, shi ke nuna wa mamanki kalar yadi. Ƙaramin na hoto ne kawai."

Suka mayar da kowanne gurbinsa. Auta ta zauna ƙarƙashin farin haske tana warware ɗinki har yatsunta suka yi zafi. Mama ta sa sabon hannu.

Ran Litinin Auta ta karɓi kyautarta cikin farar riga fes. Tun daga nan, in ba ta san abu ba sai ta tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.