Shirun Rijiya da Muryar Haya

Ƙawata Shamsa, matso kusa. Kin sha tambayata abin da ya sa rediyona ba ya mutuwa, da abin da ya sa nake toshe magudanar wurin wanke-wanke da tsumma. Yau zan faɗa miki, don riƙe shi ni kaɗai ya ishe ni.

Kin san 'yata Mwanaidi, mai haɗa finafinan tarihi. Bara ta je ƙauyenmu da ke arewa da garin Kilifi, ta ɗauko labarin tsohuwar rijiyar nan ta bayan rusasshen masallaci. Da bakinta ta karanta bayanin fim ɗin, muryarta garau, har na yi hawaye. Sai masu saye suka ce su muryar Baturen Ingila suke so, namiji, mai kauri.

Na ce mata, "Rijiyar kakarki ce sai an yi hayar maƙogwaro kafin a ba da labarinta?"

"Mama, haka kasuwar take. Ko akuya ce, in Bature ya yi bayaninta sai ta zama abin kallo."

Ta samo wani Mista Fenwick, tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya a unguwar Nyali. Ko sunanta bai iya faɗa ba. Mandi yake ce mata, ita kuma tana amsawa.

Wata Alhamis gab da magariba na kai mata mahamri, fanken nan namu, da wake mai kwakwa sitidiyon da suke naɗar murya, don na san ba ta ci komai ba. Tun a matakalar benen na ji wani wari. Ba na kwata ba ne, ba na kifi ba. Warin laka ne, irin ta ƙasan ruwa, wadda wani abu ya mutu a ciki ya narke. Na ja gyale na rufe hanci.

Mutiso, mai kula da na'urorin sauti, ya karɓi kwanon yana washe baki.

"Maman Mwanaidi, kin ceci rai! 'Yar nan taki azumin dole take sa mu, ni ko Musulmi ban zama ba."

"Wannan warin fa?"

"Ɓera ne a silin. Mai gida ya ce gobe. Kullum gobe."

Baturen yana wani ɗan ɗaki bayan gilashi, makirufo a gabansa. Fuska ja, riga jiƙe da gumi. Yakan yi kaki cikin hankici, ya buɗe ya duba, ya ninke ya mayar aljihu. Amma da ya fara karatu, Allah ya sani, muryar kamar ana tsiyaya man kwakwa mai ɗumi.

Sai dai akwai wani abu ƙarƙashinta. Ɗigar ruwa. Da wani huci mai nauyi, a hankali.

Na kalli allon kwamfuta. Ɗan karatun da na koya wa kaina da littattafan yara ya isa in haɗa baƙaƙe. Ƙarƙashin layin muryar Baturen akwai wani layi, an sa masa suna: shirun rijiya.

"Mutiso, mene ne wannan?"

Ya ce ai dokar aikinsu ce. Duk inda aka ɗauki hoto, sai kowa ya yi tsit a naɗi shirun wurin, a shimfiɗa shi ƙarƙashin muryar mai bayani, don kada a ji kamar a cikin kwali yake magana. Mwanaidi har makirufo ta zura da igiya cikin rijiyar.

Shamsa, matan ƙauyenmu ba sa yin shiru a bakin rijiyar nan. Ko ke kaɗai ce, ki yi waƙa, ki yi tari, ki yi faɗa da guga. Mahaifiyata ta ce mai rijiyar, wanda ke zaune a ƙasanta, ba shi da murya tasa. In kika yi shiru, ɗauka yake kin ba shi wuri ya yi magana, sai ya nemi bakin da zai ara. Ban taɓa gaya wa Mwanaidi ba. A birni ta tashi, ruwan famfo ta sani.

Na dafa kafaɗarta. "Kin yi shiru a bakinta?"

Ta ɗaga abin jin da ke kunnenta. "Ɗan kaɗan ne, Mama. Don Allah ki bari, aiki muke."

Ta mayar da shi kunne.

A lokacin na lura Baturen ya rufe baki.

Muryarsa kuwa ba ta tsaya ba. Tana ta fitowa daga lasifika, lafiya lau.

Ya kama maƙogwaronsa da hannu biyu. Idanunsa suka firfito. Baƙin ruwa ya fara zubo masa ta gefen baki, ya bi gemu, ya sauka kan takardar da yake karantawa. Mai kauri, da gansakuka a ciki. Wani abu dogo ya silalo kan leɓensa ya faɗi a tebur yana motsi.

Matsattsaku.

Warin ya cika ɗakin. Na ji shi har a harshena. Mutiso ya amayar da mahamrin da ya ci.

Muryar ta bar Turanci. Ta koma harshenmu, ƙasa-ƙasa.

"Mwanaidi."

Daidai. Har da jan ƙarshen nan da mahaifiyata ke yi.

"Wannan muryar ta tsufa. Warin taba take. Taki nake so."

Ɗigar ruwa.

"Mwanaidi. Amsa mini."

Ni na rene ta a kan babba ba ya kira a yi masa banza. Na ga leɓenta ya buɗe, na'am na tahowa.

Na danne bakinta da tafina.

Sanyi ƙalau. Laka ta fito ta tsakanin yatsuna.

Na fizge abin kunnen. Ruwa ya biyo shi.

Mutiso ya cire wayar wuta. Allo ya mutu, fitila ta mutu. Ɗakin ya yi tsit.

Cikin tsit ɗin, dab da kunnena, aka yi gyaran murya.

Sai na tuna.

"Mutiso, yi surutu! Kada ka yi shiru!"

Na ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ina buga murfin kwano a tebur da hannu ɗaya. Mutiso ya kama waƙar cocinsu yana kuka. Muryar tana kiran sunan, muna danne ta. Tana kira, muna dannewa. Numfashina ya kusa ƙarewa sai ladanin unguwa ya ɗauki kiran magariba, wani masallacin ya karɓa, wani ma ya karɓa.

Na ja 'yata har titi. Mutiso ya koma ya jawo Baturen ta ƙafa.

Mista Fenwick bai mutu ba. Likitoci sun duba maƙogwaron, ba su ga komai ba, amma ko uffan bai ƙara cewa ba har 'yan'uwansa suka zo suka tafi da shi ƙasarsu. Mutiso ya goge abin da ke kwamfuta. Ɗan katin da aka naɗi shirun a ciki, ni na kai shi ƙauye na jefa a rijiyar, mata kewaye da ni suna ta hayaniya.

Mwanaidi ta daɗe da dusasshiyar murya, sannan Allah ya mayar mata da tata. Ta sake karanta fim ɗin da kanta, masu saye suka ƙi, ko a jikinta. Sai dai yanzu ba ta amsa kira sai ta ga fuskar mai kiran.

Ni kuma na bar rediyo yana karatu dare da rana. In aka ɗauke wuta gida ya yi shiru, warin nan yakan taso ta magudana. Bayansa sai gyaran murya, irin na Baturen.

Don Allah, Shamsa, kada ki gaya wa kowa. Mutane in sun ji irin wannan labari, shiru suke yi su kasa kunne.

Ke ma ce wani abu mana. Kin yi shiru da yawa.