Rabin Ƙwayar Furera

"Ke Furera! Wai yau ma ni za ni tuƙa tuwon ga da tsuhwana?"

Inna Hawa ce ke wannan faɗa, tsaye bakin madafa da muciya a hannu, a gidan Malam Maiguwa da ke Tamaske. Furera, matar ɗanta Sha'ibu, tana can gindin rumbu tana tankaɗe. Sati ya zagayo ke nan ba ta kusanci murhu ba, ba ta je rijiya ba, alhali daka da shara da wanki duk ita ke yi.

"Inna, ki yi haƙuri. Kowane aiki ni yi, amma ban da wuta da rijiya."

"Don mi? Ɗiyar sarki ce ke?"

Furera ta ajiye rariya. Ta daɗe da sanin wannan rana za ta zo. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa take da farfaɗiya, amma wata farar ƙwaya mai araha da ake ba ta a disfanser ta Keita ta danne ciwon shekara da shekaru, har ita kanta ta kusa mantawa da shi. Kafin aure ta faɗa wa Sha'ibu, ya ce ya ji ya gani, amma ya roƙe ta kada iyayensa su sani. To, a shekarar nan ta 1984, ga fari, ga iyakar Najeriya a rufe, sai da ta je karɓar magani majo, wato jami'in da ke ba da magani, ya buɗe mata kabad wayam. Ya ce sitok ya ƙare, kuma ba wanda ya san ranar zuwan wani. Ya gargaɗe ta kada ta yanke sha lokaci guda, ta riƙa raba kowace ƙwaya da ta rage mata gida biyu, ta nisanci wuta da bakin rijiya, ta guji yunwa da rashin barci.

"Inna," in ji ta, muryarta ko rawa ba ta yi, "ba ƙiwuya ba ce. Hwarhwaɗiya gare ni, kuma maganina ya kusa ƙarewa. In na hwaɗi cikin wutar ga, wa za ya hidda ni?"

Muciya ta suɓuce daga hannun Inna Hawa.

"Innalillahi! An cuce mu! Da ke munka ci ƙwarya guda shekara guda cur?"

Kafin azahar an ware mata ƙwarya da moɗa. Inda ta zauna sai an share. Da la'asar Malam Maiguwa ya kira ɗansa zaure, kuma Furera tana daga ɗaki ta ji tsohon yana cewa bai yarda a gadar wa jikokinsa wannan abu ba, a sallame ta tun da mutunci.

Sha'ibu ya shigo ɗaki idonsa ja. Manomin albasa ne, mai taushin hali, bai taɓa yi wa mahaifinsa musu ba.

"Hure, mi ya sa kinka faɗi? Da kin bari..."

"In bari sai sun gan ni ƙasa ina shure-shure? Na gaji da ɓoyon abin da ba sata ba."

"To ki tahi gida Tabotaki kwana biyu, har hankalinsu shi kwanta."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Ba ni zuwa! In saki na ne, ka sake ni da bakinka. Amma ban yi laihin da za ni gudu ba. Ciwo gare ni, kuma ciwon na da magani. Magani ne ya ɓace, shi za ni nema."

Ba ƙaramin nema aka yi ba. An aika birnin Tawa, aka ce ko irinsa mai tsada na cikin kwali ma ya ƙare a farmasi. Wani mai tallar magani a kasuwa ya nuna mata wasu ƙwayoyi marasa suna, ya rantse irinsu ne, ta ce ba ta haɗiye abin da ba ta sani ba. Inna Hawa ta aiko da turaren hayaƙi wai na korar iska, ta karɓa da ladabi ta ajiye. Kullum safe takan sa reza ta raba ƙwaya, ta lashe har garin da ya zube a tafin hannunta. Kanta ya fara yi mata nauyi, hannu na karkarwa, wani lokaci ta ji wari kamar na ƙonannen gashi, sai ta yi maza ta zauna ƙasa nesa da turmi, ta jira abin ya wuce.

Ran da rabin ƙarshe ya rage, ta ɗaure 'yan kayanta. Ta ji labarin asibitin mishan da ke wajen Madawa, ta ce can za ta. Ta durƙusa ta yi wa surukanta sallama, ba wanda ya amsa. Sha'ibu yana tsaye jikin garu, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

"In ka bi ta," in ji Malam Maiguwa, "ka san inda za ka aje ta. Ba gidan ga ba."

Furera ba ta waiwaya ba. Sai da ta hau kamiyon 'yan kasuwa, ta sami wuri bisa buhunan albasa, sannan hawaye suka zubo mata. Mota ta fara tafiya sai ga mutum ya ɗafe ta ta baya yana haki. Sha'ibu ne, ko hula babu.

"Matsa min," ya ce. "Fardo, Hure, yi min gahwara. Na yi jinkiri."

Sun wuce garin Buza kaɗan, rana ta take, ciwon ya kayar da ita. Ta yi ƙara ta sandare, kumfa na fita bakinta. Nan take mota ta yamutse. Mata suka janye zannuwa, maza na hawa kan juna, wani ɗan garinsu yana ihu, "Kada yawun shi taɓa ku! Shofer, tsaya a sauke ta!"

"Sa sufi! Ya isa haka!" Sha'ibu ya daka tsawa da ɗan Faransancin da ya tsinta a lekol, makarantar boko. "Matata ce! Wanda bai iya zama shi ya sauka!"

Ya juya ta gefe, ya tallafe kanta bisa cinyarsa, ya sa hannun rigarsa ya goge mata baki a gaban kowa. Da ta farfaɗo, abin da ta fara gani shi ne rigar nan jiƙe, da idanun mutane a kanta. Kunya ta so rufe ta, amma ta ƙi. Ta gyara kallabi ta zauna sosai.

"Kun gani ko? Shi ke nan abin. Ba ya cin kowa sai ni."

A asibiti, bayan lokotoro, wato likita, ya duba ta, wata dattijuwa mai suna Ruth da ke ba da magani ta taga ta ɗauko wani gwangwani dabam. Ƙwayoyin ƙanana ne, ba irin nata ba. Furera ta yi turus.

"Kada ki ji tsoro, ɗiyata. Gwangwanin ne daban, maganin guda ne. Sai dai mu ma kaɗan gare mu, kuma irinku da yawa. Na wata guda za ni ba ki. Kina iya dawowa duk wata?"

"Ko da ƙahwa ne," in ji Furera.

Labarin mota ya riga su isa Tamaske. Ba su yi gardama da kowa ba. Sha'ibu ya gina 'yar bukka a bakin garkarsa ta albasa, nan suka zauna. Kullum Furera takan aika wa surukanta fura, a mayar da ita ba a taɓa ba, gobe ta sake aikawa. Mutanen gari suka zuba wa Sha'ibu ido suna jiran ranar da shi ma zai faɗi, tunda yawunta ya taɓa shi. Watanni suka shuɗe yana nan garau, ita ma faɗuwar ta ɗauke, har ta yi ƙiba.

Lokacin haƙar albasa, masassara ta kwantar da Sha'ibu daidai ranar komawa asibiti. Furera ta ce ita kaɗai za ta. Tana zaune cikin kamiyo sai ta ji wata tsohuwa na faɗa da shofer a ƙasa, wai ya kama mata ta hau. Inna Hawa ce, da ƙunshin ƙosai a hannu. Ta kutsa ta zauna kusa da ita har kafaɗunsu na gogayya, fuska a ɗaure.

"Inna, ina za ki?"

"Ina za ni? In kin hwaɗi hanya, wa za ya riƙe ki, waɗanga ragwaye? Ungo, ci. An ce ba ki son yunwa."

Furera ta karɓa, ta fara ci. Mota ta tashi.

Da haka zaman ya gyaru, kuma kafin maganin ya dawo disfanser ta Keita, Malam Maiguwa da kansa ya aika su komo gida. Ku 'yan mata da samari, ku riƙe wannan: ciwo ba laifi ba ne, kuma haƙuri ba shi ne sunkuyar da kai ba. Mai haƙurin gaske yakan tsaya kan gaskiyarsa da ladabi, har waɗanda suka guje shi su zo su zauna kusa da shi.