Abin da Ya Shiga Kaset ɗin Eusebio

Magariba ta kawo jiki a unguwar Rímac da ke birnin Lima. Zoila tana kwashe shinkafa, mijinta Eusebio yana ɗakin baya, inda kaset-kaset suka taru har rufi. Duk kiɗan samarin Lima ne na zamanin dokar hana fita, wanda suka ɗauka a gareji da ɗakunan haya, babu gidan rediyon da ya taɓa sa shi. Yawancin masu shi sun mutu ko sun bar ƙasar. Ran nan Eusebio ya tono kaset ɗaya tilo da ya rage na ƙungiyarsu, wanda suka ɗauka a wani kango lokacin yana kaɗa jita, ya saka a rikoda.

Dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Zoila ta leƙa, layin shiru. Wani dutsen ya faɗo tsakiyar tebur, ƙofa a rufe, da zafinsa kamar an ciro shi daga murhu.

Tun daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai jifa. 'Yarsu Noelia, mai koyon aikin jinya, ta daina cin abinci. Takan zauna a bakin ɗakin baya, idanu a kafe, tana rera waƙar da aka yi tun ba a haife ta ba, da wata murya mai kauri. Eusebio ya gane waƙar, ta ƙungiyarsu ce.

Zoila ce ta nemo Don Fortunato, wani tsoho mai magani daga tsaunukan arewa. Ya shimfiɗa zanensa a ƙasa, ya jera sanduna, ya guntsi ruwan turare ya fesa wa yarinyar. Jikinta ya sanƙare.

"Wane ne kai?" in ji tsohon.

"A kangon can nake tun kafin a haifi kakan mai gidan nan," muryar ta amsa daga bakin Noelia. "Suka zo da hayaniyarsu, zaren kaset ɗinsu ya naɗe ni. Na tsufa a cikin kwali. Ya buɗe, na samu gida mai ɗumi."

"Me za a ba ka ka fita?"

"A ƙona kaset ɗin."

Eusebio ya damƙe kaset ɗin. Muryar Lalo ce a ciki, mawaƙinsu da aka ɗauke wata safiya ba a sake ganinsa ba.

"Bari in kwafa tukuna," ya ce.

"Ka kwafa, ka kwafe ni."

"To ɗauki wasu. Ɗauki duk na ɗakin baya. Wannan kaɗai..."

"Eusebio!" Zoila ta daka masa tsawa. "'Yarka ce kwance a ƙasa!"

"Lalo ba shi da kabari, Zoila. Wannan ne kawai."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta fizge kaset ɗin daga hannunsa, ta jefa a garwashin da tsohon ya hura. Robar ta lanƙwashe, baƙin hayaƙi ya tashi. Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Na tafi, tsoho. Amma yarinyar tana nan a cikin jikinta. Ta ji komai."

Noelia ta suma. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Uban ya miƙo kofi, ta juya ta karɓi na hannun uwarta.

Jifan ya tsaya. Bayan ta samu ƙarfi, Noelia ta haɗa kayanta za ta koma wurin gwaggonta a garin Callao. Eusebio ya tare ta a bakin ƙofa.

"'Yata, ai da zan yarda. Kaina ne ya ɗaure."

Ta dube shi, ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Baba, da Mama ba ta gidan nan, da har yanzu kana ciniki."