Ciyawar da Shanu Ba Su Taka Ba

Takalminsa ta fara gani, ɗaya ɗaure da baƙar igiya, ɗaya da zaren buhu. Tana durƙushe cikin ciyawa, ta kife murfin awonta a kan zoben ƙarfen da ta kafa a ƙasa, tana jiran na'ura ta gama ƙirga.

"Sannu da aiki, mai tukunya. Me ake dafa mana?"

Ba ta ɗago ba. "Numfashin fili nake aunawa. Ciyawa tana shaƙar iskar kabon, ƙasa tana fitar da ita. In mai fita ta fi mai shiga, filin yana ramewa ke nan."

"In ya rame fa?"

"Sai hukuma ta killace shi, a hana kiwo."

Da ta ɗago, sai ta ga jakar likitan dabbobi a kafaɗarsa, garken shanu a bayansa. Murmushinsa ya ɗauke.

"Na Babana ne," in ji shi. "Ba su da wani wajen ci."

Tun daga ranar tsoro ya shige ta tare da son. Zobbanta suna wuri uku: kwari mai laka, tudun yashi, da wani yanki da aka hana shanu shiga don kwatance. Duk safiyar da ta kife murfin a wajen kiwo sai ta kawar da kai daga lambobin. Shi kuwa Likita kullum da dalilin wucewa.

"Mai Tukunyata, yau kin manta hularki, rana ta dake ki. Gobe in kika sake, zan tsaya a kanki in zama inuwa, shanu su yi ta jira."

Ta karanta saƙon nasa, ta kife wayar a cinya tana murmushi.

Abbanta bai ɓoye rashin amincewarsa ba. "Ɗan mutanen da awonki zai iya kora? Ranar da aka ja waya a filin nan, da wane ido surukanki za su dube ki?" Baban Likita kuwa, in ta gaishe shi, sai ya amsa wa saniya.

Akwai wani abokin karatunta mai tabarau, wanda ya taɓa neman ta ta ƙi. Shi ya raka ta awo ƙarshen damina. Ya zagaya zoben tudu, ya durƙusa, ya yi 'yar dariya.

"Wannan ne wajen kiwon? Ina kofato? Ina kashin shanu? Ciyawa har gwiwa! Saurayinki ya iya lissafi, wallahi."

Ta duba. Kewayen kowane zobe kore shar, kamar an shata. Ashe duk zuwan nan na Likita don sakamakon ne?

Ta same shi a bakin kwarami yana wanke allura.

"Kai ka hana shanu zuwa wurin?"

"Ni ne. Kullum nakan kaɗa su gefe, kar su taka miki kaya."

"Takawar nake aunawa, Likita!"

Allurar ta suɓuce masa. Ya dubi tudun, ya dube ta, bakinsa a buɗe. Ta ga babu wayo a fuskar nan, sai firgita, kuma hakan ya fi sa ta kuka.

Da ƙafarta ta je ofishin Farfesa mai kula da bincikenta kafin mai tabarau ya riga ta. Matar ta saurara, ta cire biro daga baki.

"Damina guda ta tafi a banza. Ki sake. Shi kuma saurayin naki, kar in ji ƙafarsa a filin."

Wata daminar ta zo. Shanu suka tattake zobban, suka cinye ciyawar yadda suka saba. Ba sa haɗuwa sai ta waya. Kwari mai laka ya riƙe kansa: in an yi kiwo an ɗaga, sabon tofo yana shaƙar fiye da abin da ƙasa ke saki. Tudun yashi kuwa fitarwa kawai yake. Ta rubuta saƙo ta goge, ta sake rubutawa.

"Likita, kwari ya tsira. Tudu ya faɗi. Ina tsoron ka tsane ni."

Ta tura, ta riƙe wayar a tafinta tana kallo. Sannan amsa ta shigo.

"Ki rubuta abin da tukunya ta ce, Ranata. Ni zan gaya wa Baba da bakina. Ke dai kar ki goge ni."

Ya gaya wa Baban nasa. Ranar killace tudun ma, Likita da kansa ya riƙe turakun. Labarin ya kai kunnen Abba. Ya daɗe yana juya kofin shayinsa, sannan ya ce wa Ummanta, "Yaron nan, a ce ya turo manyansa."

Kawunsa ne ya zo neman auren. Baban Likita ya ƙi taka gidan, kuma har ranar ɗaurin aure babu wanda ya san ko zai zo.

Tana ɗaki cikin ƙawaye, Umma ta dafa kanta. "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya sa ku zama sanyin idon juna." Waya ta yi ƙara a tafinta: "An ɗaura, matata."

Ta ɗaga labule kaɗan. Can ƙarshen tabarma ta hango tsohon, sandarsa a kan cinya, tafukansa a sama. Ya shafa addu'ar a fuska har gemu. Ya ɗan dubi tagar da take, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya zura takalmansa, ya ratsa ta bayan mutane, ya kama hanyar kwari.